Gardamar 'Yar Solmi

A bakin rafi aka samu 'Yar Solmi, kwando a ka, ƙafa ɗaya cikin ruwan da ƙanƙararsa ba ta gama narkewa ba. Maƙwabcinsu Palbong ne ya gan ta yana dawowa daga rumfar barkononsa. Ya ce, "Matar yaya, ina zuwa haka?" Ta ce abinci za ta kai gona, masu dashen shinkafa na jira. Tsakiyar sanyi ne, gonaki duk sun daskare. Da ya sauke kwandon ya buɗe, ba komai a ciki sai cokula da takalmin mijinta ƙafa ɗaya.

Mijin, Ham Yongdal, barci ne ya sace shi a kan daɓe mai ɗumi bayan abincin rana. Ya roƙi Palbong kada maganar ta fita. Palbong ya yi alkawari, sannan ya gaya wa matarsa, matarsa kuwa tana da waya. Kafin Sabuwar Shekara labari ya isa birni wurin Sanggil, ɗansu tilo.

Sanggil ya zo bikin kamar yadda ya saba. Ya bari aka jera wa kakannin da suka rasu abinci bisa al'ada, aka durƙusa musu, aka sha miyar wainar shinkafa, sannan ya ajiye cokali. Yaran yanzu haka suke, sai sun gama yanke hukunci suke zuwa neman shawara.

"Baba, akwai gidan jinyar tsofaffi kusa da inda nake aiki. Na je na gani da idona. Ga tsabta, ga ɗumi, ga masu kula dare da rana."

"To ka shiga mana, tunda ya burge ka."

"Baba, ba wasa nake ba. Da Kawu Palbong bai bi ta hanyar nan ba fa?"

"Ai ya bi."

"Ba ta san ni ba, Baba. Ɗazu da na durƙusa gaishe ta, tambayata ta yi ko ni ne mai gyaran wuta."

"Ba ta yi laifi ba. Mai gyaran wuta ya fi ka zuwa gidan nan."

Sanggil ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja. Uwar tana zaune a gefe tana ninke tsumma, tana warwarewa, tana sake ninkewa.

"Baba, Inna ta tafi. Jikinta ne kawai ke zaune a nan, kuma jikin ma rafi zai ɗauke mana shi."

Yongdal ya buga tafin hannu a kan ɗan teburin cin abinci, har kwanoni suka yi tsalle.

"Rufe mini baki! Tana nan. Kai ne ba ka san ta inda ake ƙwanƙwasa mata ba." Ya numfasa. "Ka dawo shida ga wata na biyu, da lissafin tsayuwar wata. In ta dubi sama ta faɗi abin da ta gani, tana nan, kuma ba inda za ta. In ba ta faɗa ba, ni da hannuna zan ɗaure mata kaya."

Sanggil ya yarda. A ganinsa wata guda ba wani abu ba ne, kuma ya san yadda za ta kaya.

Kowa a kwarin nan ya san abin da ake dubawa a wannan rana. Da magariba jinjirin wata yakan zo kusa da curin ƙananan taurarin nan da ake kira Jomsengi, masu cunkushewa wuri ɗaya kamar 'yan tsaki. Watan uwa ce mai kai abinci gona, taurarin kuma 'ya'yanta. Daga tazarar da ke tsakaninsu ake gane abin da shekara ta ƙunsa. Yongdal ya gaji karatun daga ubansa: in 'ya'yan na biye a baya, tsawon igiyar ɗaure saniya, to sun ƙoshi, bana za a yi albarka. In sun manne wa uwa, yunwa ce.

Ita kuwa daga Solmi aka kawo ta, ƙauyen da ke bayan dutse. Ainihin sunanta Okbun, amma tun ranar da ta shigo gidan ba a ƙara kiranta da shi ba. A shekararta ta farko, tana tsaye bayan maza, surukinta ya auna sama da bututun tabarsa ya ce, "Sun matso. Bana a ɗaure ciki." Sai aka ji muryar amarya daga baya: "A Solmi ba haka ake cewa ba." Surukarta ta hana ta abincin dare. Da suka shiga ɗaki Yongdal ya ce ta janye maganar, ta ce yunwar ta fi mata sauƙi.

Tun daga nan gardamar ba ta mutu ba. Shi ya ce ɗan da ya ƙoshi wasa yake tsayawa yi a baya, mai jin yunwa ne ke riƙe zanen uwa yana kuka. Ita ta ce wane ɗa ne yake gudun uwa mai cikakken kwando? In sun matso, ƙamshi suka ji. In sun yi nisa, sun san kwandon wayam ne, sun watse daji tonon saiwa. Lokacin girbi kuma bai taɓa raba su ba. Shekarar da shinkafa ta yi kyau, dankali ya ruɓe, kowa ya ɗauki nasa ya ce ga shaida. Da fari takan ce, "Ƙarya kake, Uban Sanggil." Da gashi ya yi fari ta koma, "Ƙarya kake, tsoho mai kan dutse," tare da dundu a kafaɗa. Shekara hamsin da ɗoriya ba ta taɓa barinsa ya kai ƙarshen maganarsa ba. Ko bara, da ta riga ta fara zuba gishiri a tukunyar shayi, ta yi masa dundun.

Wannan dundun ya dogara da shi. Amma ya san kafin a kai ga gardama sai ta iya ɗaga kai ta gane abin da take kallo, ita kuwa yanzu ƙasa kawai take kallo. Sai ya ƙudura zai koya mata sama.

Abin takaici, ita ta koya masa. Shi mutum ne na ƙasa, ban da karatun ranar shida bai san komai a can bisa ba. Ita kakarta ta rene ta, tsohuwar da ke sanin lokacin jiƙa iri daga inda tauraro ya tsaya a kan dutse. A kan dandamalin randunan daddawa da ke bayan kicin ta riƙa nuna masa su, shekara da shekaru, tana zagi. Ga mai hasken nan na yamma, Tauraron Kwanon Kare, wanda ke fitowa daidai lokacin da kare ya fara kallon kwanonsa. Ga 'Yan Uku a jere. Ga Bakwai a arewa, kamar ludayi, waɗanda ta riƙa ajiye wa kwanon ruwa mai tsabta kowace safiya duk zaman da Sanggil ya yi a soja.

Yanzu kowace yamma, da rana ta faɗa bayan dutse, sai ya naɗe ta da rigar auduga mai kauri, ya ɗaura mata gyale, ya kai ta dandamalin. Ya nuna da sandarsa.

"Uwar Sanggil, ɗaga kai. Wancan fa?"

"Sanyi nake ji."

"Na sani. Wancan fa? Ce Kwanon Kare."

"Kare ya ci?"

"Zai ci. Ce Kwanon Kare."

Wata rana ta faɗa, wata rana ta ƙi. Ya gano in ya riƙe busasshiyar kanya a hannu ta fi saurin faɗa, sai ya riƙa cika aljihu da ita. In ta maimaita daidai, ya gutsura ya ba ta. Gari na wayewa kuma komai ya zube, a sake daga farko. Yana gani kamar ruwa yake ɗiba da kwando, amma bai san wata hanya ba.

Yongdal ba mai haƙuri ba ne, bai taɓa zama ba. Wata yamma ya nuna mata Bakwai, suna tsaye a kan mariƙinsu bisa rufin Palbong, ta ce fitilun jiragen kamun kifi ne. Ya sake tambaya, ta sake faɗa. Ya sake, ta ce a kai ta gida wurin kakarta.

"Bakwai ne!" ya daka mata tsawa, ya maka sandar a kan murfin randa, murfin ya tsage. "Bakwai! Ke kika koya mini! So kike a kwashe ki kamar buhu a kai ki inda ba ki san kowa ba?"

Ta ɗora hannu biyu a ka, ta duƙa kamar mai jiran duka. A duk zamansu bai taɓa ɗaga mata hannu ba, ita ce mai dukan. Ta leƙo shi ta tsakanin yatsu, da idon wanda ya haɗu da baƙo a hanyar daji.

"Haka ne, ranka ya daɗe," ta ce. "Bakwai ne."

Ya ji kunya, ya ba ta kanya guda sukutum. Daga ranar kuwa karatu ya miƙe. Duk abin da ya faɗa ta ce haka ne, ta maimaita, ta miƙo hannu. Har ta kai in ya nuna da sanda takan faɗi sunan kafin ya buɗe baki. Ya ɗauka ci gaba ne.

Palbong yakan leƙo ta kan katanga.

"Yaya, makaranta ka buɗe? A sa sunana mana, tunda ana raba kanya."

"Kai da in ka sha ƙoƙo biyu na giyar shinkafa ko ƙofar gidanka ba ka ganewa, me za ka gane a sama?"

"Ai shi ya sa nake son karatun, in bi tauraro in iso gida." Ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya dubi matar, tana tauna tana kallon sandar. "Na taɓa ganin wani tsuntsu a kasuwar birni. Mai kanti ya koya masa barka da zuwa. Aka ce ranar da ɓarawo ya shigo ma, barka da zuwa ya ce masa."

"Sauka daga kan katangata, kada ka rushe mini ita da tumbinka."

"Na sauka, yaya."

Abu ɗaya Yongdal bai koya mata ba, da gangan: bai taɓa ambaton yunwa ko ƙoshi ba. Wannan nata ne. Ya bar shi a rufe kamar randar da ba a buɗewa sai ranarta.

Wata na biyu ya kama. Uwar, wato watan, ta bayyana siririya a bakin dutsen yamma, 'ya'yan suna can sama nesa da ita. Kowace magariba sai ta ƙara kauri ta ƙara matsowa gare su. Yongdal yana aunawa da sanda, yana gani bana za su haɗu ƙut da ƙut. Ya ji daɗi. In sun manne, gardamar ta fi zafi.

Ranar shida aka tashi da gajimare. Ya yini yana fita tsakar gida yana zagin sama. Da la'asar iska ta taso daga teku ta share shi tas. Motar Sanggil ta iso kafin faɗuwar rana, ya fito da kwalin lemo da wata riga mai taushi da matarsa ta aiko wa uwar. Yongdal ya dubi rigar, ya gane ta zaman gidan jinya ce.

A da, ranar nan duk ƙauyen kan fito da ganguna da wutar yayi, a taru a kan gada, samari na tsalle har katako na kuka. Yanzu gidajen da ke da hayaƙi ba su fi a ƙirga da yatsu ba, masu su kuma gwiwa ta hana su fita. Palbong, wanda ya zama mai unguwa saboda ba wanda ya rage da zai yi, ya je ya kashe fitilar titi da ke ƙofar gidan, ya dawo ya tsaya a bakin dandamalin. Su huɗu ke nan, sai kare.

Sanggil ya zaro waya. "Baba, akwai wani abu a nan, in ka ɗaga ta sama sai ta nuna maka sunan kowane—"

"Mayar da ita aljihu. Uwarka muke dubawa, ba wayarka ba."

Sama ta yi shuɗi, ta yi duhu. Uwar tana rataye a yamma, haskenta ya shanye duk abin da ke kusa da ita. Yongdal ya lumshe ido ya buɗe, bai ga 'ya'yan ba. Gabansa ya faɗi. Duk karatun da suka yi, ba wata a kusa suka yi shi. Ya manta da haka.

Sai 'Yar Solmi ta zare hannunta daga cikin riga. Ta miƙa shi sama, ta rufe watan da tafinta, ta karkata kai tana leƙen gefen yatsu. Haka kakarta ta koya mata, haka ta koya masa tun suna da ƙuruciya: rufe uwar, 'ya'yan su fito. Bai tuna mata wannan ba ko sau ɗaya. Ya dafa randa.

"Uwar Sanggil, kin gan su?"

"Ga su can."

"Su wane ne?"

"'Ya'yan."

"Ina suke?"

"Jikin uwa."

Sanggil ya ce, "Kai!" a hankali. Yongdal ya ɗaga nasa hannun ya rufe watan, ya gan su, curi guda, dab da gefen uwar kamar sun riƙe mata zane. Ya miƙe tsaye sosai. Ya gyara murya, ya ɗauko muryar nan ta kowace shekara, ta mutumin da ya san komai. Har ya ɗan juya mata kafaɗa, ta hagu, inda dundun yake sauka.

"To," ya ce. "Sun manne wa uwa. Bana yunwa."

Ya jira.

Ta sauke hannunta. Ta dube shi, ta ɗan rusuna.

"Haka ne, ranka ya daɗe. Bana yunwa."

Ta miƙo tafin hannu.

"Ta gane!" Sanggil ya yi tsalle ya kama kafaɗun uwar. "Inna, kin gane! Baba, ka ji ta? Daidai yadda kake faɗa kullum, in sun matso yunwa ce. Kawu, ka ji?"

"Na ji," in ji Palbong. Ƙasa yake kallo.

Sanggil bai san komai ba. Yana yaro, a wannan rana yana ɗaki da littafi, don iyayen ne suka ce ya yi karatu kada ya zama manomi. Da ya girma, yana birni. Karatun ubansa ya sani, shi ma daga nesa, don uban ne mai ɗaga murya.

Yongdal bai dubi ɗan ba. Ya matso kusa da ita.

"Na ce yunwa. Kin ji ni? Ɗan da ya ƙoshi ba ya riƙe zanen uwa."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Mutanen Solmi ba su san sama ba. Ba su taɓa sani ba. Bayan dutse suke, rabin sama kawai suke gani."

"Haka ne."

"Kakarki ma maƙaryaciya ce."

"Baba!" in ji Sanggil. "Me ya kawo haka kuma?"

"Haka ne, ranka ya daɗe," ta ce. Hannun yana nan a miƙe.

Yongdal ya sa hannu a aljihu ya ɗauko kanya ya ɗora mata. Palbong ya ce bari ya je ya kunna fitila, ya fita bai yi sallama ba.

A wurin cin abinci Sanggil bakinsa bai rufu ba. Ya zuba wa uban giya da hannu biyu, ya nemi gafara. Ya ce alkawari ya ɗauka kuma zai cika, Inna ta zauna. Zai sa ƙararrawa a ƙofar gida, zai riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Ya kira matarsa a waya yana ba ta labarin yadda Inna ta rufe wata da hannu. Yongdal ya riƙe ƙoƙon bai sha ba. Ya ci nasara. Abin da ake bukata gare shi kawai ya yi shiru, shiru kuwa ba ya yi masa wuya. Ya yi shirun har aka kwashe kwanoni.

Da gari ya waye ya same ta a kicin, tana jera cokula a cikin kwando. Takalminsa ƙafa ɗaya yana gefe yana jiran a sa shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon bayanta. Ya ga yadda wuyanta ya rame, ya ga ƙullin gashin da shi yake ɗaure mata yanzu, a karkace kullum.

"Ke," ya ce. "Ruwan rafin nan ya yi ɗumi, ko? In mutum ya shiga har wuya ba abin da zai same shi."

Ta juyo ta rusuna. "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya karɓi kwandon a hankali ya rataye shi a ƙusa mafi nisa. Sannan ya shiga ɗaki ya buɗe akwatinta.

Sanggil yana zaune a bakin baranda yana ɗaura takalmi lokacin da uban ya fito da ƙulli a hannu ya ajiye a gefensa.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Kayan uwarka. Na sa rigar da matarka ta aiko a sama."

"Ban gane ba. Ai ta faɗa. Da kunnena na ji."

"Tawa ta faɗa."

"To ai daidai ke nan!"

"Wa ya gaya maka daidai nake nema?" Muryarsa ta fito a bushe. "A Solmi, in 'ya'ya sun matso, ƙoshi ne. Tun tana amarya take ƙaryata ni a kan haka, a gaban ubana ta fara. Sun hana ta abinci ba ta janye ba. Uwarka ba ta taɓa ce mini haka ne ba, ko a kan gishirin miya. Ka zauna a gidan nan har ka yi gemu, ba ka san wannan ba."

Sanggil ya dubi ƙullin.

"Baba, ko tsufa ne ya sa ta sauko? Mutum yakan canza ra'ayi."

"Na zagi kakarta, ta ce haka ne. Yanzu na ce mata rafi ya yi ɗumi, ta ce haka ne." Ya dubi dandamalin randuna, inda murfin nan yake a tsage. "Da saura kaɗan a cikinta, bara ta yi mini dundu. Ni na tsoratar da sauran, na koya mata wannan. Yanzu duk wanda ya tsaya a ƙofa ya ce ta biyo shi, za ta bi. Ni kuma ina barcin rana."

"A bari zuwa kaka mana, Baba. Ni na ce na yarda."

"Ni ban yarda ba. Na ce in ba ta faɗa ba zan ɗaure kaya da hannuna. Na ɗaure. Tashi."

Ba ta yi gardamar shiga mota ba. Sanggil ya ce, "Inna, zo mu je," ta ce to. Yongdal ya juye duk kanyar da ta rage a aljihunsa cikin cinyarta, ya gaya wa ɗan a sanar da masu kula cewa ba ta son a rufe labulen taga. Ya riƙe ƙofar motar bai sake ta ba. Ya sunkuya.

"Okbun."

Bai taɓa kiran sunan da ƙarfi ba, sai a ransa. Ta ɗago ta dube shi da ladabi, tana jiran ta ji abin da za ta maimaita. Ya rufe ƙofar.

Da yamma Palbong ya leƙo ta kan katanga da tulun giya, ya ce, "Yaya, in shigo?" Yongdal ya ce a'a. Palbong ya ajiye tulun a kan katangar ya koma. Jim kaɗan fitilar titi ta mutu, ko da yake ranar dubawa ta wuce.

Tauraron Kwanon Kare ya fito. Karen ya zo ya zauna gaban kwanonsa yana kallon ƙofar kicin, inda ba kowa. Yongdal ya hau dandamalin ya ɗaga hannu ya rufe watan. A yini ɗaya abin ya sake. 'Ya'yan sun wuce gaba, suna gangarawa wajen dutse, uwar ta tsaya can baya ita kaɗai. Wannan ba shi da karatu, ba a nan ba, ba a Solmi ba. Ba wanda ke duba sama ranar bakwai.

Ya gyara murya duk da haka.

"Bana yunwa," ya ce.

Ya juya kafaɗar hagu, ya tsaya. Iska ta kaɗa busasshen ganyen da ke rataye a bakin rufi. Can ya ƙanƙance murya, ya gwada faɗar nata da kansa: "Ƙarya kake, tsoho." Bai yi kama ba ko kaɗan. Bai ƙarasa ba.

Karen ya tura kwano da hanci, ya yi ƙara a kan siminti. Yongdal ya sauko daga dandamalin yana dafa randuna ɗaya bayan ɗaya, ya shiga kicin neman abin da zai zuba masa.